Ƙuri'ar da Ta Kori Bibiana

Ni tun ranar da aka sauke Bibiana daga kwalekwale ban yarda da ita ba, yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙanena Ignas ya tafi tsibiri da buhun garin sago, wanda muke tuwo da shi, zai musanyo busasshen kifi, sai ya dawo mana da mace. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ta iya karatu domin sistocin coci ne suka rene ta. Mace ta iya karatu sannan ta yi shiru, ai dole mutum ya tambayi kansa me take ajiyewa a ciki.

Ba ta taɓa yi mini laifin da zan nuna da yatsa ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Yaya take ce mini, ni kuma amarya nake kiranta har furfura ta fito mata. 'Ya'ya mata biyu ta haifa, duk sun yi aure a birni. Da Ignas ya rasu shekara shida da suka wuce, kowa a garinmu Banarum ya san matsayinta. Ƙasa ta mazan dangi ce. Matar da mijinta ya mutu ba ta da ɗa namiji, zaman alfarma take yi. Gidan da take ciki, da gonar koko, da kwakwa arba'in da suka dasa tare, da kabarin Ignas da ke bayan kicin, duk suna hannunta ne muddin dangi ba su ce ta tashi ba. Wanda kuwa bakinsa ya fi nauyi a dangi shi ne Alois, ɗan baffanmu.

Coci ta riƙe. Ita ke shara, ita ke wanke ƙyallen bagadi, ita ke buga tsohuwar tukunyar gas da muka rataye a mangwaro a madadin ƙararrawa. Limaminmu Fada Kletus sau biyu yake zuwa a wata, sauran ranaku makulli na cikin jakar saƙarta. Ni kuma a bakin ƙofar cocin nake baza buwai, goron ƙasarmu, duk Lahadi, shekara da shekaru. Mutane su fito daga addu'ar Mas, su saya, su tauna, a miƙa wa juna kwalbar kambang, farar ƙasar da ake haɗa buwai da ita, kowa ya dangwala, a yi ta hira ana tofar da jan yawu har rana ta take. Da wannan nake ci.

Sai korona ta zo, da takardar dokoki daga ofishin bishop. Bibiana ta karɓi takardar nan kamar daga sama aka jefo mata. Ta kafa bokiti da sabulu a ƙofa. Ta kwashe ruwa mai tsarki daga babban kwanson tekun da muke tsoma yatsa a ciki, ta kife shi. Ta zana alli a kan bencina, nan a zauna, nan kada a zauna. Gaisuwar salama ta koma ɗaga kai daga nesa, ba musabaha. Jibin Ubangiji a tafin hannu, ba a harshe ba. Buwai kuwa an hana shi a harabar coci gaba ɗaya, musamman miƙa wa juna kambang, wai nan yawu ke haɗuwa.

"Yaya, ki yi haƙuri ki koma bakin hanya," in ji ta.

"Amarya, ni za ki kora daga ƙofar cocin da ubana ya sari katakonsa?"

"Ba ni ba ce, takarda ce."

"Takardar da ke kaɗai kika iya karantawa? Wa ya san abin da ke ciki?"

Ta yi murmushi ta ɗauki tabarmata da kanta ta kai mini ƙarƙashin bishiyar hanya. Cinikina ya ragu da rabi, ban kuma yafe ba.

Har shekarar zaɓe ta zo dokokin nan suna nan a wurinmu. Waɗanda suka je birnin Madang sun ce can kowa ya yar da takunkuminsa, amma Fada ya ce ba a aiko da takardar janyewa ba, ga tari yana yawo a cikin tsofaffi. Bibiana ta ci gaba da allinta. Sai dai alli a lokacin zaɓe ba alli ba ne. Alois ya tsaya takarar kujerar mazaɓarmu, cikin masu karawa da shi kuwa akwai Raimund, tsohon malamin asibiti, mutumin tsibiri. Tsibirinsu Bibiana. Nan da nan mata suka fara lura: me ya sa ta zaunar da matar Alois can baya kusa da taga? Me ya sa bencin gaba, inda Alois ke zama da 'yan'uwansa su shida, ya koma na mutum uku? Ni ma na sa baki, ba zan ɓoye ba. Na ce ina ganin ba cuta take raba mu da ita ba, da juna take raba mu.

Saura mako uku zaɓe Fada ya zo da wata wasiƙa daga bishop-bishop. Muryarsa ta dushe da mura, sai ya miƙa wa Bibiana ta karanta. Ta sauke takunkumi ta karanta a tsanake. Wasiƙar ta ce kowane Kirista ya zaɓi wanda lamirinsa ya kwanta da shi, ba don dangantaka ba, ba don buhun shinkafa ba, ba don kuɗi Kina hamsin ba. Ta ce ƙuri'a tsakanin mutum ce da Allah, kada wani ya leƙa takardar wani, kada wani ya tilasta wa wani.

Bonifas, ƙanin Alois, yana zaune a bayana, na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba don dangantaka ba? To don uban me?"

Wani ya ce, "An ga Fada a jirgin ruwan Raimund ranar Talata."

"Ita kuma wa ya tabbatar abin da ta faɗa shi ne a rubuce?"

Aka tashi. Alois ya tsaya a harabar coci da rigarsa mai hotonsa, ya buɗe jaka cike da buwai yana rabawa, ko kallon tabarmata bai yi ba. Mutane suka manta da doka, aka hau tauna. Bibiana ta fito da bokiti za ta zubar. Alois ya tare ta yana dariya, ya ɓare buwai ɗaya da haƙorinsa, ya miƙa mata tare da kwalbar kambang ɗinsa.

"Matarmu, karɓi. Kin sha karatu yau, maƙogwaro ya bushe."

Ta dubi hannunsa. Ta ce, "Yaya Alois, ba a nan ba. Kuma ba na dangwala kambang ɗin kowa yanzu."

"Nawa ma?"

"Na kowa."

Hannunsa ya tsaya a miƙe. Wallahi da ta mare shi da ya fi sauƙi. A wurinmu mutum ba ya ƙin kambang ɗin ɗan'uwansa sai in yana tsoron an sa masa wani abu a ciki. Ƙin karɓa a gaban jama'a, daidai yake da ka ce wa mutum mai sammu. Kuma kowa ya tuna Ignas kwana huɗu kawai ya yi yana ciwo, bayan sun yi cacar baki da Alois a kan iyakar gona. Ba wanda ya taɓa furta komai a kan wannan, sai ga shi matarsa ta ƙi kambang ɗin Alois saura mako uku zaɓe.

Alois ya mayar da kwalbar aljihu. Ya ce, "Na gode, matarmu. Na ji."

Ita kuwa ta wuce ta zubar da ruwanta. Har yau ban san ko ta fahimci abin da ta yi ba. Shekara talatin a cikinmu, a ce ba ta sani ba? Amma na san ta da takarda, in takarda ta ce kada, to ko uwarta ce ta taso daga kabari da kambang ba za ta karɓa ba.

Yadda muke zaɓe a Banarum ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Doka ta yarda wanda bai iya rubutu ba ya shiga da mai taimaka masa. To mu duk garin sai mu zama ba mu iya ba, har malamin makaranta. Dangi su tsayar da mutum ɗaya a bakin ɗan ɗakin kwalin da ake shiga a yi zaɓe, kowa ya zo ya ce shi ne mataimakinsa, shi ya rubuta lambobin 'yan takara uku, na ɗaya da na biyu da na uku, a jefa. Ta haka akwatin Banarum yake fita da baki ɗaya, ɗan takara kuma ya san garinsa bai ci amanarsa ba. A wannan karo Bonifas ne mai biro.

Ana jibi zaɓe, Bonifas ya same ni da hantsi ina kankare kwakwa.

"Yaya Apoloniya, amaryarki ta ce ita kaɗai za ta shiga."

"Ai ka san ta."

"Ba za mu iya hana ta ba, 'yan sanda za su zo. Amma muna so mu san cikinta. Ke idonki ya yi yana, kowa ya sani. Ki ce ita kike so ta rubuta miki. In kun shiga ki saurara da kyau. In ta ce miki ga wanda za ki zaɓa, ko ta ambaci mutumin tsibirin nan ko da sau ɗaya, ki zo ki gaya mana. Da bakinki za mu kama ta."

Ban yi gardama ba. Gaskiya ma daɗi na ji, na ce yau zan ga abin da ke ƙarƙashin shirun nan.

A makarantar firamare aka yi zaɓen. Rana ta yi zafi, layi ya kai har filin ƙwallo. Bonifas na tsaye a bakin kwali, mutum ya shiga da shi, su fito, wani ya shiga da shi, kamar masu karɓar allura. Bibiana ta zo da takunkuminta, aka shafa mata tawada a ɗan yatsa, ta ce wa malamin zaɓe ba ta bukatar kowa. Ta shiga, ta ɗan jima, ta fito ta jefa. Duk layin ya bi ta da ido.

Da aka zo kaina na ce, "Matar ƙanena nake so."

Ta yi mamaki, amma ta dawo ta kama gwiwar hannuna muka shiga. Kwalin ƙarami ne, muna jin numfashin juna. Takardar a wurina fari ce kawai da wasu baƙaƙen inuwoyi. Na kasa kunne ina jira ta fara.

Ta ce, "Yaya, wa kike so a na ɗaya?"

Na ce, "Ke wa kika gani?"

"Ba takardata ba ce. Tawa na jefa."

"To ba ni shawara mana, ke da kika yi karatu."

"Ba zan ba ki ba. Wa kike so?"

Na yi zaɓe sau bakwai a rayuwata, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na buɗe baki zan ce Alois, sai na tuna tankin ruwan da gwamnati ta aiko wa gari lokacin yana kansila, wanda har yau yake bayan ɗakinsa da kwaɗo a famfon. Na tuna shekarar da zazzaɓi ya kama ɗana Linus yana ɗan shekara biyar, har idonsa ya kafe, Raimund ya zauna a ɗan asibitinmu kwana uku bai je gida ba, yana ɗura masa magani da cokali. Ban shirya ba, ban yi niyya ba. Bakina ne kawai ya riga ni.

"Raimund," na ce.

Ba ta ce madalla ba, ba ta ce kin tabbata ba. Na ji ƙarar biro a kan kwali. Ta tambayi na biyu da na uku, na faɗi sunayen da suka zo mini, ta ninke takarda ta sa a hannuna, ta kai ni bakin akwati na jefa.

Bonifas ya tare ni a bayan aji. "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba."

"Ke me kika ce ta rubuta?"

"Alois mana. Wa zan ce?"

Kwana tara aka yi kafin a buɗe akwatinmu a wurin ƙidaya. Wakilin Alois ya bugo waya, kafin la'asar gari ya ɗauka. Ƙuri'a ɗari biyu da goma sha huɗu a akwatin Banarum, duk Alois ne a na ɗaya, ban da guda ɗaya tak, ta Raimund. Ba ita ta kayar da Alois ba, da ɗaruruwa ya faɗi, Raimund ɗin ma bai ci ba. Amma mutumin da ya yanka wa jama'a aladu goma sha biyu ya faɗi zaɓe yana bukatar wanda zai kalla.

Aka tara dangi a ƙarƙashin mangwaron gidan Alois. Aka zaunar da Bibiana a kan kututturen kwakwa a tsakiya. Bonifas ya miƙe ya ce lissafin ba wuya, takardu biyu ne kaɗai ba da hannunsa aka rubuta ba, kuma duka biyun hannu ɗaya ya rubuta su. Ya juyo gare ni.

"Yaya Apoloniya, faɗa wa dattawa abin da kika ce ta rubuta miki."

Na dubi ƙasa na ce, "Alois na ce."

Bibiana ta ɗago ta dube ni. Da idona mai yana ban ga fuskarta sosai ba, na gode wa Allah da wannan.

Kawu Tadeus, wanda ya fi kowa tsufa, ya yi gyaran murya. "'Yata, ba ma son mu zalunce ki. Kin ƙi kambang ɗin ɗan'uwan mijinki a gaban coci, mun yi shiru. Yanzu abu ɗaya muke tambaya. Ki ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ki ce Alois kika zaɓa, magana ta mutu, mu nemi ɓarakar a wani wuri."

Wani wurin kuwa ni ce, ba kowa.

Ta ce, "Kawu, ba zan faɗi wanda na zaɓa ba. Ba kuma zan faɗi abin da wani ya ce in rubuta masa ba."

"Ko da gidanki ne a kai?"

"Na ji abin da ke kai."

Matar Alois ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko! Jinin tsibiri ba ya ɓuya. Shekara talatin muna ciyar da ita, ashe kwalekwalenta na ɗaure a bakin ruwa!"

Alois bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙasar Ignas ta koma hannun dangi, ta kwashe abin da ta zo da shi kafin ƙarshen wata. Fada Kletus ya zo ya yi magana da dattawa har sau biyu, suka ce masa shi da wasiƙarsa suka jawo, ya tsaya a kan bagadinsa.

Ranar da za ta tafi na bi ta bakin ruwa da sassafe. Kayanta ba yawa, tukwane biyu, akwatin ƙarfe, da jakar saƙa. Ta riga ta share kabarin Ignas ta zuba masa farin yashi. Mai jirgi yana fama da injinsa, muka tsaya mu biyu.

Na ce, "Amarya, me kika rubuta a takardata?"

"Abin da kika ce, Yaya."

"To ke fa, wa kika sa a taki?"

"Ke ma tambayar za ki yi?"

"Ƙuri'a ɗaya ce aka samu. In tawa ce, to ke Alois kika zaɓa ke nan. Mutumin da ya kore ki? Ni ban yarda ba."

Ta tattara zanenta ta shiga ruwa har gwiwa. Ta ce, "Ki riƙa cire ciyawar kabarin, damina na zuwa." Injin ya tashi, suka tafi.

Na sha zama ina juya maganar. Ai mai yiwuwa ne ta cuce ni. Mai yiwuwa ta sa wa ɗan tsibirinsu tata, sannan da na ce Raimund ta rubuta mini Alois don kada ƙuri'a biyu su fito a gane. Ni ban ga abin da biro ya zana ba, ba wanda ya gani. In haka ne, to laifinta ne ya kore ta, ƙaryar da na yi a gaban dattawa ma ta zama gaskiya a kan takarda. Nakan gaya wa kaina haka, wani lokaci har in kusa yarda. Dole in riƙe zargin nan, domin in na sake shi, abin da ya rage shi ne mace ta zaɓi ɗan'uwan mijinta da zuciya ɗaya, ta rubuta mini nawa da gaskiya, sannan ta bar gidanta da kabarin mijinta don kada a taɓa ni, ni kuwa ina zaune a wurin na yi shiru.

Bayan wata biyu dangi suka zauna rabon ƙasar. Alois ya ce gidan da ya tsaya da shi a ranar wuya shi ya cancanta, ya kira sunana a gaban kowa ya yaba mini. Aka ba ɗana Linus gidan da gonar. Kokon bana ya yi kyau ƙwarai, da kuɗinsa aka kai ni Madang aka cire mini yanar ido. Yanzu ina gani tangaram, kuma daga ƙofar kicin ɗinta, in gari ya waye ba hazo, tsibirin yana fitowa sarai.